Ruwan Wanke Hannun Baƙo

To Asabe, na ji saƙonki. Wai idan direbanki ya zo yau da la'asar kada Gwaggo ta tare shi da buta a zaure, domin shi ba baƙo ba ne, mijin aure ne, kuma abin kunya ne mai neman aure ya miƙa hannu ana jujjuya masa shi kamar ana cinikin akuya. Madalla. Allah ya ƙara miki basira. Zauna nan, ku ma sauran ku matso, tunda na lura kwanan nan gidan nan ya cika da masana. Jiya na ji wata tana cewa aikin magajiya ai ba aiki ba ne, zaman tabarma ne da cin goro da rabon faɗa. Wata kuma ta ce yanzu zamanin allura ne, ko me mutum ya kwaso sai ya hau mota ya je asibiti a soka masa ya dawo. Sannunku da ilimi. Ni jahila ce, abin da na sani buta ce da ruwa. Bari in ba ku labarinsu kafin mai motar ya iso.

Ranar da na fara riƙe buta, Nasara bai daɗe da cin Kano ba. Ina bazawara, na gaji da aure, aure ma ya gaji da ni, na ɗauki ƙunshina na gangaro Dutse, na sauka a gidan Magajiya Hajjo, can bakin kasuwa inda fatake ke sauke jakai a gindin dabino. Lokacin hanya ta buɗe, an daina tsoron a kama mutum a sayar, kowa ya zama matafiyi. Maza suka bazu neman kuɗin haraji, mu kuma muka zauna a bakin hanyarsu. Na zo ina taƙama da wuya da haƙoran da na rine da furen taba, ina zaton a ranar za a ba ni ɗaki. Hajjo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke 'yar nan, kin iya zuba wa mutum ruwa?” Na ce, “Haba Iya, wa bai iya ba?” Ta ce, “To ga buta, ga kasko, ga sabulun salo. Zauna a zaure.” Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, ina nan zaune ina wanke hannuwan ƙattin duniya.

Zauren Hajjo yamma yake kallo, kuma ba haka kawai aka gina shi ba. Da la'asar rana takan shigo har tsakiyarsa. Dokar gidan ɗaya ce: namijin da ke son shiga ya zo da sauran rana, ya cire takalmi, ya zauna a kan turmin da aka kife, a zuba masa ruwa ya wanke hannu da ƙafa, a goge masa da ƙyalle. Wanda ya zo bayan rana ta faɗi ya dawo gobe, ko ɗan wane ne. Maza kuwa, Allah sarki, daɗi suke ji. Kowa ya ɗauka don girmansa ake yi. Sai ki ga ƙato ya baje yatsu yana hura hanci, yana cewa ko a gidansa ba a yi masa wannan hidimar. Bai san duba shi ake yi ba.

Wani bafatake mai kanwa shi ya fara jawo mini ranƙwashi. Dogo ne, rigarsa fes, yana ƙamshin turare. Na zuba masa ruwa ina murmushi ina karya wuya, na goge masa, na ce bisimilla. Sai na ji Hajjo daga bakin ƙofa tana cewa, “Ayya malam, yau ɗakunan duk da mutane, sai wata kasuwar.” Gidan kuwa wayam, ko kaza babu. Da ya fita ta kira ni. “Me kika gani a hannunsa?” Na ce zobe. Ta kai mini ranƙwashi a tsakiyar kai, har yau in na taɓa wurin ina tuna ta. Ta ce, “Da zoben za ki kwana? Ba ki ga ɗigo-ɗigo a tafinsa ba, kamar an fesa masa ruwan goro? Tunjere ne, shashasha!” Daga ranar na daina kallon riga.

Shi tunjere ba ya sallama. Yakan fara da ɗan gyambo a al'aura, ba zafi, ba ƙaiƙayi, ya yi 'yan kwanakinsa ya warke da kansa, mai shi ya ce alhamdulillahi. Sannan ya fito a tafin hannu da tafin ƙafa, gefen baki ya jiƙe ya yi fari, gemu da gira su zube wuri-wuri, murya ta dushe. Wannan ma ya ɓace. A nan bokaye ke cin kasuwarsu. Akwai wani da ke zuwa daga wajen Jahun da buhun saiwoyi, ya ba mutum jiƙo, gyambon da dama tafiya zai yi ya tafi, a kai wa boka zakara ana godiya. Bayan shekaru abin ya dawo, ya nemi ƙashi, ya nemi karan hanci, ya nemi ɗan da ke ciki. Lokacin boka ya sake kasuwa. Mu ma muna da namu jiƙe-jiƙen, sabara da bagaruwa da jar kanwa, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, wanki suke yi, ba sa kashe komai. Maganinmu na gaske ɗaya ne, mu ce wa mutum a'a tun daga zaure.

Ciwon sanyi kuwa da kunne ake kama shi. Hajjo ta sa an yi wurin tsuguno a bayan zaure, katanga ɗaya tsakani. Ta koya mini in cika baƙo da ruwan sha da kunun tsamiya, in ja shi da hira har ya nemi kewayawa. Lafiyayye zai yi abinsa ya taso. Mai sanyi kuwa sai ki ji shiru, ki ji nishi, ki ji ya kira uwarsa a hankali, sannan ya fito yana share gumi yana tafiya a tattale. Ki dubi gaban wandonsa, ki dubi ƙudan da suka biyo shi. In aka tambaye shi sai ya ce ai fitsarin jaki ya tsallake, ko sanyin rafi ne ya kama shi. Duk mazan ƙasar nan fitsarin jaki suke tsallakewa. Ban taɓa jin wanda ya faɗi inda ya kwana ba.

Kada ku ɗauka buta tana kama kowa. Akwai wanda ciwon ya kwanta masa a jini, hannunsa fes, ko Hajjo ba ta gani. Shi ya sa rabin aikin magajiya ba a kan maza yake ba, a kanku yake. Na san wadda ke faɗawa da wuri. Sabuwar zuwa ce, wadda ba ta san ana cewa a'a ba. Sai wadda ta sha burkutu har ta manta wa ya shiga wa ya fita. Sai mai dafa bagaruwa ta yi ta matsi har wurin ya bushe ya tsattsage, wai don a ce da ita kamar budurwa, ta buɗe wa ciwo ƙofa da hannunta. Ga mai haɗama da ba ta hutawa ranar kasuwa, ga wadda ta ji alama a jikinta ta ɓoye don kada a hana ta ɗaki. Ke Larai, daina sunkuyar da kai, ban kira sunan kowa ba. Duk waɗannan ana iya musu da faɗa da tsawa da kulle ƙofa. Biyu ne suka gagare ni, mai jin yunwa da wadda ta ga mijin aure.

Yunwar na gan ta shekarar da fara ta sauka. Lokacin Hajjo ta rasu, Allah ya jiƙanta, gidan yana hannuna. Fara ta zo gero yana fitar da kai, ta tashi ta bar kara tsaye. Daidai lokacin kuma ana aikin hanyar jirgi ta wajen Ringim, an tara lebura daga ko'ina, ga soja, ga masu awon gyaɗa sun kafa sikeli. In an sallame su sai su watsu, kuma da yawansu ta nan hanyarsu take. Maza da kuɗi ba mata, mata da yunwa ba hatsi. Daga Miga, daga Aujara, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, sai ga mata suna shigowa, wata mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba, wata an sake ta saboda baki ya yi yawa a gida. Gidana ya cika, aka yi ta kafa bukkoki a bayan kasuwa, inda ba zaure, ba buta, ba magajiya. Je ki gaya wa matar da hanjinta ke kuka ta kori mai mudun dawa saboda tafin hannunsa. Na gwada. Wata ta ce mini, “Iya, tunjere sai baɗi zai kashe ni, yunwa kuwa jibi.”

Wani soja ya zo mini a shekarar, ƙato baƙi wuluk, ya zauna a kan turmi ya miƙo hannu ɗaya. Na ce ya cire takalmi. Ya ce takalmin na Sarkin Ingila ne, ba a cire shi a gaban mace. Na ce to ya koma ya zo da Sarkin Ingilan ya cire masa. Ya tashi ya yi ƙwallo da butata ta tarwatse, ya fita yana zagina da yaren da ban sani ba. Ina kallonsa ya miƙe bayan kasuwa, wajen bukkoki. Duk wanda na kora can yake tafiya, ni na sani, su ma sun sani. Aka raɗa mini suna Magajiya mai korar arziki. Kafin damina ta zagayo, matan bukkokin nan wata tana tafiya tana dafa bango, wata gashinta ya zube. Da abin ya yi wari aka zo aka rushe bukkokin aka kore su, wai su ke lalata gari. Ko namiji ɗaya ban ga an kora ba. Su bayin Allah fitsarin jaki suka tsallake.

A cikin wannan shekarar Tabawa ta zo. Daga wajen Miga take, mijinta ya mutu ba su haihu ba, danginsa suka ce ba su da hatsin ciyar da baƙuwa. Ku da kuke taƙama da kyau, da kun ga Tabawa da kun shiga ɗaki kun rufe. Hanci miƙaƙƙe, murya kuwa in tana daka tana waƙa, masu zuwa rijiya sai sun tsaya. Ga jin magana. Ba ta shan burkutu, ba ta matsi, kuma ko wane ne, in bai bi ta kan turmi ba ba ya ganin tabarmarta. Inna take kirana, ni ma 'ya na ɗauke ta. Ba zama ta zo yi ba, ta faɗa mini tun ranar farko. A ƙasan kwandonta akwai majanyi, saƙi ne mai ratsin ja da baƙi, uwarta ta saƙa mata. Lokaci-lokaci sai ta fito da shi ta kakkaɓe ta shanya ta mayar. Ta kan ce, “Inna, ni ɗa nake so, ko ɗaya ne. In goya shi in je rijiya a gan ni.” Ta fita daga muguwar shekarar nan lafiya lau, ko ƙurji babu. Ina alfahari da ita, ba na ɓoyewa.

Sai ga Ilu mai awon gyaɗa daga Ringim. A kasuwa ya gan ta. Bai zo a matsayin baƙo ba, a'a, shi mutumin kirki ne, aike ya yi cewa aure yake so. Tabawa ta tuba, ta daina karɓar kowa, ta dawo ɗakina da kwana tana jiran lokaci. Ba ta da kowa a kusa, don haka ni ce uwa. Kun kuwa san al'ada. Daga ranar da namiji ya ce yana son 'yarki ya zama suruki. Ba kya kallon fuskarsa, ba kya kiran sunansa, ba kya zama inda ya zauna. In ya zo gaisuwa sai ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai, ya cusa hannuwa a cikin riga, ni kuma ina bayan asabari ina amsawa da ƙyar. Duk gidan ana yabonsa. “Kai, Ilu akwai kunya! Ko hannunsa ba ka gani.” Ƙwarai kuwa. Lebura da fatake da soja duk sun bi ta kan turmi, mutum ɗaya da zai tafi da ita gaba ɗaya shi ne al'ada ta ce kada a duba.

Me kika ce, Asabe? Wai naki ba haka yake ba? Ai na sani. Na kowa ba haka yake ba. Bari in ƙarasa.

Ranar da suka kawo goro, shi da abokinsa, suka tsuguna a zaure da la'asar, rana ta shigo. Ina bayan asabari. Ido ne ya saba, ba ya tambayar izini. Na leƙa ta tsakanin kara. Na ga gemunsa ya zube wuri-wuri. Ya ce, “Inna, barka da yamma,” na ji muryar a dushe. Goron ma abokin ne ya miƙa, shi hannuwansa suna cikin riga. Na ce a raina, in na fita na gama zubar da mutuncina a garin nan, in na zauna kuma na zubar da Tabawa. Na dubi Tabawa, tana zaune a bayana ta sha lalle tana murmushi. Na ɗauki buta.

Na ɗaga asabari na fito. Abokin ya zabura ya ce, “Subhanallahi! Inna, surukinki ne fa!”

Na ce, “Na sani. Shi ya sa zan yi masa hidima da kaina. Ilu, miƙo hannu.”

Kun ji, har sunansa na kira. Wata a cikin gida ta yi salati.

Ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, “Inna, da alwalata.”

Na ce, “Ruwa ba ya karya alwala.”

Na durƙusa na cafko tsintsiyar hannunsa ta cikin riga na fizgo, na juya tafin ga rana. Ga su nan ɗigo-ɗigo, tun daga gindin yatsu har wuyan hannu. Ko ruwan ban zuba ba.

Ya fizge ya ce, “Ƙaiƙayin buhu ne. Duk mai awo haka hannunsa yake.”

Na ce, “To miƙo ƙafa mu gani, ko ita ma awon take yi.”

Bai miƙo ba. Ya tashi ya zura takalmi ya fita, abokin ya bi shi yana tafa hannu yana cewa tunda yake bai taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba.

Kafin rana ta faɗi labari ya gama kasuwa. Kuna zaton hannun Ilu ake magana? Ina! Magajiya ta kama hannun surukinta, shi ne labarin. Masu sayar da dabino, mahauta, 'yan koli, kowa ya zama malamin tarbiyya. Mazan da na wanke wa ƙafa da hannuna su ne ke cewa ai dama me ake jira daga karuwa. Wani dattijon unguwa ya aiko a gaya mini in ji tsoron Allah. Matan gidana ma suka ce baƙin ciki nake yi, ba na so Tabawa ta tafi saboda ita ke jawo maza. Babu wanda ya tambaye ni me na gani.

Washegari da hantsi na tarar da ita tana ɗaure kaya. Na ce, “Tabawa, tunjere ne. Wallahi tallahi tunjere ne. Ki bar shi, ki jira wani.”

Ta ce, “Ya aiko. Ya rantse ɗan ƙurji ne ya taɓa yi, boka ya ba shi jiƙo ya warke tuni.”

Na ce, “Haka yake yi. Ɓuya yake yi, ba warkewa ba.”

Ta ɗago ta dube ni, idonta jawur. Ta ce, “Wanin da zan jira yana ina, Inna? Duk masu kyakkyawan hannun da kika bari suka shigo, wa ya taɓa cewa zai aure ni? Wannan ne kaɗai ya kawo goro, kika tozarta shi a gaban mutane. Ke ba ki taɓa goyo ba, ba ki san abin da nake ji ba.”

Wannan maganar ta soke ni, ba zan ɓoye muku ba. Na yi kuka a ranar, ni da ko mutuwar Hajjo ban yi a gaban mutane ba. Na roƙe ta, na riƙe mata zane, ta ɓamɓare hannuna. Ta sa majanyinta a saman kaya ta ɗora a kai ta fita. A Ringim aka samo mata wani waliyyi mai kunya aka ɗaura auren.

Labarinta a bakin fatake nake ji. Cikin farko ya zube. Na biyu ya kai wata tara, aka haife shi ba rai. Na uku ya zo da rai, namiji, hancinsa yana zubar da majina da jini, fatar tafin hannunsa tana saɓulewa. Bai kai suna ba. Sai Ilu ya ce ai ita ta kwaso daga gidan karuwai ta kawo masa. Kowa ya yarda, wa zai gaskata tsohuwar karuwa a kan mai sikeli? Ya sake ta, ya auri 'yar mutunci daga gidan mutunci, inda surukai suka san al'ada, ba wanda ya kama masa hannu. Allah ya jiƙan yarinyar nan da ya aura.

Shekaru suka ja. Wata rana da la'asar ina zaune a zauren nan, sai ga wata mata ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta yi sallama, maganar tana fita ta hanci. Na amsa, na ce, “Baiwar Allah, daga ina?” Ta sauke ƙunshinta ta kwance, ta zaro majanyi mai ratsin ja da baƙi, sabo ƙal, ko linkinsa bai ɓace ba. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ce mata ai na faɗa miki ba. Ta dubi butar da ke gefena ta ce, “Inna, ba ni.” Na ba ta.

Daga baya na kai ta Kano aka yi mata allurarku mai albarka. Ta tsayar da ciwon, ban hana ta haƙƙinta ba. Amma ba ta dawo da hanci ba, ba ta dawo da murya ba, ba ta tono yaran nan ta ba ta ba. Ku je ku tambayi mai allurar ko yana da ta wannan.

Ai kun gane. Gwaggon da kuke toshe hanci kuna kwaikwayon maganarta in ta ba da baya, ita ce Tabawa. Kuna zaton ba na jinku? Ita ma tana ji. Ƙyallen nan da ke kafaɗarta, wanda take goge wa maza hannu da shi, wanda ke Asabe kika ce ya tsufa a sayo mata tawul, ki duba shi da kyau, ratsin ja da baƙin bai gama ɓacewa ba. Bai taɓa ɗaure ɗa ba. Tun ranar da ta karɓi butar nan ba ta tsallake namiji ko ɗaya ba, ko mai goro ko mai sikeli.

Ga ƙahon motarsa can, na ji ya tsaya a gindin dabino. Wataƙila hannunsa fes yake, Allah ya sa, in haka ne ni zan yi miki gara da kaina. Ni dai na tsufa, gwiwata ba ta tashi, ba zan hana ki komai ba. Ga Gwaggo can ta riga ta cika buta ta kife turmi. Tashi ki je ki karɓe daga hannunta, ki gaya mata shi ba baƙo ba ne, mijin aure ne. Amma ki bari ta sauke mayafin tukuna, ki faɗa mata tana kallonki.